Waiwaye: Daga Huawei Har Zuwa Rautar Cikin Falo

Wannan batu na hana sayar da rautar TP-Link a Amurka fa ya daɗe yana dahuwa, yanzu ne dai ya shigo falon mutane. Rauta ina nufin ɗan akwatin nan mai ƙahonni da ke raba wayifai a gida, wanda ake jonawa a manta da shi sai ranar da netwok ya ɗauke.

Tun 2012 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar da rahoto cewa kar a yarda da kayan Huawei da ZTE, manyan kamfanonin kayan sadarwa na Chaina, tsoronsu shi ne gwamnatin Chaina na iya sa kamfanonin su yi mata leƙen asiri. A 2019 Amurka ta sa Huawei a baƙin littafi, wato aka taƙaita sayar masa da fasahar Amurka, a 2022 kuma hukumar sadarwa ta FCC ta daina ba sabbin kayan kamfanonin biyu izinin shiga kasuwa. Duk wannan galibi rigimar manyan injina ce na kamfanonin waya, talaka bai ji a jikinsa ba.

Sai 2024 aka waiwayo kan TP-Link, kamfanin da wasu 'yan'uwa biyu suka kafa a Shenzhen ta Chaina a 1996, kuma araha ce ta sa ya cika gidajen Amurkawa kamar yadda ya cika shagunanmu a nan. A watan Agusta 'yan majalisa biyu, Moolenaar da Krishnamoorthi, suka nemi ma'aikatar kasuwanci ta bincike shi, a Oktoba Microsoft ta ce masu kutse 'yan Chaina suna fakewa da dubban rautocin da aka ƙwace ikonsu ta kutse kuma yawancinsu na TP-Link ne, kafin shekara ta ƙare labari ya fito cewa ana duba yiwuwar haramta su gaba ɗaya. Su kuma 'yan TP-Link suka ce ai mun rabu da uwar kamfanin da ke Chaina, hedkwatarmu na Irvine a Kalifoniya, kayan da muke kawowa Amurka a Biyetnam ake haɗa su.

Abin da ke damuna shi ne wani ɓangare da ake yawan tsallakewa. A Janairun 2024 FBI ta sanar da tarwatsa wani gungun rautoci da 'yan kutsen Volt Typhoon, waɗanda Amurka ke dangantawa da gwamnatin Chaina, ke aiki da su, to yawancinsu na Cisco da Netgear ne, kamfanonin Amurka, tsofaffi ne kawai da aka daina turo musu gyaran manhaja. Wato ɓarawon bai tsaya duba ƙasar da aka ƙera akwatin ba, inda ya ga ɓaraka nan ya bi. Tsoron Chaina yana da hujja ban musa ba, amma ko an kwashe TP-Link duka daga kasuwa, tsohuwar rautar da ke kan sif shekara bakwai ba apdet, fasuwod ɗinta har yau admin, tana nan a kunne.