Gidan Rose Hall

Rose Hall wani tsohon gidan Turawan mulkin mallaka ne da ke gabas da birnin Montego Bay, a gundumar St James ta ƙasar Jamaika, wani tsibiri a tekun Karibiyan. An gina shi a ƙarni na 18 a kan tudu mai fuskantar teku, a tsakiyar wani babban gandun rake da bayi suke nomawa. Yana cikin manyan gidajen masu gandu ƙalilan da suka rage a tsibirin, amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne labarin fatalwar wata mace, Annie Palmer, wadda ake yi wa laƙabi da Farar Mayya.

Tarihi

Wani Bature ɗan Ingila, Henry Fanning, shi ne ya sayi filin a wajajen 1742. Ya auri Rosa Kelly a 1746, bai daɗe ba ya rasu, dukiyar ta koma hannunta. Mijinta na biyu, George Ash, shi ake dangantawa da fara ginin a wajajen 1750, kuma ana kyautata zaton daga sunan matar aka samo sunan gidan. Shi ma bai yi tsawon rai ba. Ta sake aure da Norwood Witter, sannan a 1767 ta auri John Palmer, wani babban mai faɗa a ji a gundumar. A zamaninsa ne aka kammala gidan yadda aka san shi, tsakanin 1770 da 1780.

Rosa ta zauna da John Palmer fiye da shekara 20, ta rasu a 1790. Mijin ya sa wani sanannen masassaƙi na Ingila, John Bacon, ya sassaƙa mata abin tunawa da farin dutsen marmara, wanda har yanzu yake cikin cocin gundumar a Montego Bay. Palmer ya rasu a 1797, ya bar gandun cikin bashi.

Duk wannan daula da gumin bayi aka tara ta. Ɗaruruwan mutane 'yan asalin Afirka ne suke saran rake, suna kai shi wurin matsewa, suna tsayuwa dare da rana a kan manyan tukwanen da ake dafa ruwansa har ya zama sukari. A ƙarshen Disambar 1831 bayin yammacin Jamaika suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Samuel Sharpe, aka ƙone gidajen gandu da dama a St James. Rose Hall ya tsira daga wutar. An soke bauta a 1834, bayi suka sami cikakken 'yanci a 1838, daga nan gidan ya shiga lalacewa, ya zama kango na tsawon shekaru masu yawa.

Gini

Bene ne na dutse a tsarin ginin Ingila na wancan zamani, da matakala mai faɗi a gaba, ciki kuma an yi aikin katako mai tsada.

Labarin fatalwa

Yadda ake ba da labarin, Annie ta tashi ne a Haiti. Iyayenta suka mutu da cutar shawara, wata mai reno ta ɗauke ta ta koya mata tsafi. Da ta zo Jamaika ta auri mai Rose Hall, sai ta kashe shi, ta kuma kashe mazaje biyu da ta aura bayansa, tare da bayin da take nema ta gaji da su. Aka ce tana tsayawa a baranda tana kallon yadda ake yi wa bayi bulala, da dare kuma ta hau doki tana zaga gandun. A ƙarshe wani bawa mai suna Takoo ya shaƙe ta a ɗakinta. Masu ba da labarin suna cewa ba a kammala tsafin da zai tsare ta a kabari ba, shi ya sa take yawo. Baƙi kan ce sun ji takun ƙafa a matakala, ko sun ga fuskar mace a madubi cikin hoton da suka ɗauka.

Abin da takardu suka nuna

An yi wata Annie Palmer a gidan, sai dai rayuwarta ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan. Sunanta Annie Mary Paterson, haifaffiyar Jamaika, asalin danginta daga Sukotlan. A 1820 ta auri John Rose Palmer, dangin tsohon mai gidan. Ya rasu a 1827 bashi ya yi masa katutu, ita kuma ta bar gandun, ta rayu har 1846. Babu shaidar ta kashe kowa, ba kuma kashe ta aka yi ba. Ga alama yawan mazajen Rosa ne aka ɗora mata, alhali Rosa ma ba a taɓa tuhumar ta da kisa ba.

Wani ɗan ƙaramin littafi da editan wata jarida ta garin Falmouth ya buga a 1868 yana cikin rubuce-rubucen farko da suka yaɗa zancen. Wanda ya kafa shi a zukatan mutane shi ne ƙagaggen labarin Herbert G. de Lisser, The White Witch of Rosehall, na 1929. Masu bincike da suka bi takardun aure, na mutuwa da na gado, ciki har da Benjamin Radford a 2007, sun ƙare a kan cewa ƙirƙira ce. Abin takaici a nan shi ne zaluncin da aka yi wa bayi a irin waɗannan gandaye gaskiya ne, kuma aikin tsarin bauta ne gaba ɗaya, amma labarin ya tattara shi ya jibga wa mace guda da ba ta ji ba ta gani ba.

A yau

Wani attajiri ɗan Amurka, John Rollins, da matarsa Michele ne ake dangantawa da gyaran gidan, wanda aka fara a shekarun 1960. Yanzu gidan tarihi ne, ana zagayawa da masu yawon buɗe ido da rana, da dare kuma a yi musu zagayen fatalwa a nuna musu kabarin da ake cewa na Annie ne.