Baje kolin rigunan matan shugabannin Amurka a gidan tarihin Smithsonian

Baje kolin da ake kira The First Ladies wani sashe ne a gidan tarihin National Museum of American History da ke birnin Washington, ɗaya daga cikin gidajen tarihin da ke ƙarƙashin cibiyar Smithsonian. A nan ake ajiye riguna da kayan ado da tangaran na matan shugabannin Amurka, tun daga kan Martha Washington har zuwa na kwanan nan. Shiga kyauta ne, kuma yana cikin sassan da aka fi yin cincirindo a gidan.

Abin ya faro ne a 1912, lokacin da wasu mata biyu, Cassie Mason Myers Julian-James da Rose Gouverneur Hoes wadda ta fito daga zuriyar shugaba James Monroe, suka shiga bin iyalan tsofaffin shugabanni suna roƙon a ba su rigunan da aka adana. Helen Taft ce ta ba da rigar da ta sa a bikin rantsar da mijinta a 1909, shikenan sai abin ya zama al'ada, matan shugabannin ƙasa suka riƙa miƙa rigunansu na bikin rantsuwa. An fara nuna kayan ga jama'a a 1914.

Da yawa dai kallon kwalliya ke kai su wurin, amma gaskiya labarin da ke bayan ɗinkin ya fi ɗinkin kansa armashi. Rigar karammiski mai launin shunayya ta Mary Lincoln, matar shugaba Abraham Lincoln, alal misali, ana kyautata zaton Elizabeth Keckley ce ta ɗinka ta, baƙar fata wadda aka haifa cikin bauta, ta yi ta ɗinki har ta fanshi kanta da ɗanta sannan ta zo Washington ta zama telar matar shugaban ƙasa kuma aminiyarta a daidai lokacin da ake yaƙin basasa kan batun bautar. Ita kuwa Caroline Harrison da gangan ta sa aka yi rigarta ta 1889 da silikin da aka saƙa a cikin Amurka, don mijinta mai ra'ayin kare masana'antun gida ne. Rosalynn Carter ma a 1977 ba ta ɗinka sabuwa ba, rigar da ta sa lokacin da aka rantsar da mijinta gwamnan Georgia ta sake ɗaukowa, aikuwa masu sharhin kwalliya suka yi mata caa, alhali abin ya yi daidai da irin sauƙin kan da gwamnatin Carter ke son nunawa.

Cikin na baya-bayan nan akwai farar rigar Michelle Obama mai kafaɗa ɗaya ta 2009, ɗinkin Jason Wu wanda a lokacin matashi ne ba a san shi sosai ba, da ta Melania Trump ta 2017 ɗinkin Hervé Pierre. Jill Biden ta miƙa nata kayan a 2023 har da takunkumin fuska mai kalar kayan, tunda cikin annobar korona aka yi rantsuwar 2021.

Ba duka masu rigunan ne matan aure na shugabanni ba fa. Shugaba James Buchanan bai taɓa aure ba, ’yar ’yar’uwarsa Harriet Lane ce ta riƙe masa hidimar baƙi a fadar White House, ita ma ana lissafa ta.

Wanda ya je zai tarar wurin da ɗan duhu, kayan kuma a cikin gilashi. Haske na cin siliki, nauyin riga ma kansa in ta daɗe a rataye yana yaga zare, shi ya sa a 1987 aka rufe tsohon zauren don a gyara rigunan da suka jigata. Tsarin da ake gani yanzu an buɗe shi a 2011, kuma ba a fito da rigunan duka lokaci guda, wasu na ajiye a ma'aji ana sauya su jefi-jefi.