Maigida, kai ma ka je a duba ka

Idan aure ya shekara biyu ko uku shiru, a nan Katsina kowa ya san wadda ake kallo. A kai matar wurin mai magani, ta sha sassaƙe ta sha rubutu, daga bisani a ce wa miji ya ƙaro wata. Shi ba mai tambayarsa. Alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala a ɓangaren namiji. Wannan abu yana ci mini rai a aikina na kiwon lafiya, domin baiwar Allah tana ɗaukar laifin da sau da yawa ba nata ba ne.

'Yan'uwana maza, iya kwanciya da iyali daban, iya ba da ciki daban. Mutum yana iya zama garau a shimfiɗa, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa sun yi kaɗan ko ba sa motsi. Ido ba ya gane wannan, sai gwaji.

Wani babban nazari da aka fitar a 2022, wanda ya haɗa bayanai daga ƙasashe 53, ya nuna yawan ƙwayoyin nan ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2018. Masana suna ta muhawara a kan musabbabin. Wani zai ce ina ruwanmu, tunda binciken ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina tana haihuwar kimanin 'ya'ya 7. Gaskiya ne, yawanmu ba ya cikin haɗari yau. Amma al'umma ba ta raguwa dare ɗaya. A Koriya ta Kudu, inda matsakaicin adadin 'ya'yan da mace ke haifa ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, mutum 100 za su bar 'ya'ya kusan 36, jikoki kuwa 13. Can, tsadar rayuwa da jinkirin aure ne kan gaba. Idan raunin maza ya hau kan irin wannan, gyara zai ƙara wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke yi da hannunmu. Taba da shisha, tiramol da kodin a hannun samari. Feshin maganin ciyawa da na ƙwari a gona, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Ciwon sanyi da aka ɓoye don kunya har ya toshe hanyar maniyyi. Ga magungunan ƙarfin maza na tasha da kasuwa, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba. Ƙiba, ciwon suga, da hangum idan ya sauka wa baligi a maraina, su ma suna taɓawa.

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma ba saɓo ba ne. Idan kun shekara ɗaya kuna tare ba ciki, ku je asibiti ku biyu, ba ita kaɗai ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana nan. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ka ba da maniyyi. Idan sakamako bai yi kyau ba, kada ka karaya: jiki yana ɗaukar kusan wata 3 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, shi ya sa likita kan sake gwajin bayan magani.