7-Eleven

7-Eleven kamfani ne na ƙananan kantunan unguwa da ke saida abinci, abin sha da kayan buƙatun yau da kullum, kuma shi ne ya fi kowa yawan rassa a wannan harkar, yana da shaguna sama da 80,000 a duniya. A Amurka aka haife shi, amma yanzu kam kamfanin Japan mai suna Seven & i Holdings ne mai shi.

Abin ya faro ne a 1927 a garin Dallas na jihar Texas, lokacin firji bai shiga gidaje sosai ba, ƙanƙara mutane ke saye su adana abinci. Wani ma'aikacin Southland Ice Company, John Jefferson Green, ya fara ajiye madara da ƙwai da burodi a wajen saida ƙanƙarar saboda masu zuwa bayan an kulle sauran shaguna, sai ciniki ya karɓu, Joe C. Thompson kuma ya yaɗa tsarin a sauran rassa. Da farko Tote'm ake kiran shagunan, sai a 1946 aka koma 7-Eleven don suna buɗewa bakwai na safe su tashi sha ɗayan dare. Kwana a buɗe ya samo asali ne a 1963 a wani reshe na garin Austin, inda jama'a suka yi ta tururuwa bayan wasan ƙwallon jami'a har gari ya waye ba a rufe ba. A 1964 suka sayi kantunan Speedee Mart na California, daga nan suka shiga bai wa 'yan kasuwa lasisin buɗe shago da sunansu.

A Japan ne labarin ya canza salo. Toshifumi Suzuki na kamfanin manyan kantuna Ito-Yokado ya karɓo lasisi a 1973, shagon farko ya buɗe a unguwar Toyosu ta Tokyo a watan Mayun 1974. Can Amurka kuwa iyalan Thompson sun ciyo bashi mai nauyi a 1987 don su saye hannun jarin kamfanin, bashin ya fi ƙarfinsu har aka kai ga neman kariyar kotu a 1990, a 1991 sai ga Japanawan da aka koya wa sana'ar sun karɓi kusan kashi 70 cikin 100 na uwar kamfanin, a 2005 suka haɗiye sauran.

Gaskiya dai ƙarfin 7-Eleven na Japan ba a girman shago yake ba, don shagon ɗan ƙarami ne kuma ba shi da wani sito na a zo a gani, duk abin da ya kwana a kanta ba a saya ba ya tare wa wani kaya waje ne. Shi ya sa tun 1982 suka sa na'urar da ke rubuta kowane kaya da aka saya da lokacin da aka saye shi, kashiya ma kan danna maɓallin da ke nuna mai sayen namiji ne ko mace da kiyasin shekarunsa. Mai yin oda sai ya duba wannan bayanin ya haɗa da hasashen yanayi da abin da ke faruwa a unguwa, in gobe makarantar kusa na da wasanni ya ƙara dunƙulen shinkafa da ake kira onigiri, in hadari ya haɗo ya jawo lema kusa da ƙofa. Abincin shinkafa har sau uku ake kawo shi a rana. Kuma da gangan suke cika yanki ɗaya da shaguna kafin su matsa gaba don mota ɗaya ta zagaye da yawa, shi ya sa jihar Okinawa da ke kudancin Japan ba ta ga reshe ba sai 2019. A shekarun farko motoci wajen 70 ke sauke kaya a shago ɗaya a rana, da aka haɗa kayan kamfanoni daban-daban bisa sanyin da kowanne ke buƙata sai suka dawo kusan 9. Ana biyan kuɗin wuta a kanta tun 1987, injin cire kuɗi kuma ya shigo a 2001.

Yawancin shagunan na masu lasisi ne, su ke ɗaukar ma'aikata su biya albashi, ribar ciniki kuma a raba da kamfani. Nan ne ake samun takun saƙa, musamman kan aikin dare da ma'aikata ke wahalar samuwa. A 2019 wani mai shago a garin Higashiosaka ya rage awowinsa ba da yardar kamfani ba, maganar ta karaɗe Japan har kamfanin ya fara barin wasu rassa su riƙa rufewa da dare.

Japan na da rassa sama da 21,000, Tailan kuma sama da 14,000 a hannun kamfanin CP All mai riƙe da lasisi a can. A Amurka da yawansu haɗe suke da gidan mai, musamman bayan sayen gidajen mai na Speedway a 2021 kan dala biliyan 21. Kamfanin Couche-Tard na Kanada ya nemi sayen Seven & i ɗungurungum a 2024, sai dai ya janye tayin a watan Yulin 2025.