Na gaba ba lallai shi ne gwani ba

Da yawa in sun ga ayarin masu keke a doguwar tafiya, sai su ɗauka na kan gaba ne gwani, na baya kuwa ragwaye. Sam. Na gaba iska yake tsagawa da ƙirji, wanda ya manne a bayansa kuma yakan rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka ja na ɗan lokaci, ka kauce, ka koma ƙarshen layi ka sarara. Ko a babbar gasar tseren keke ta Tour de France, zakaran ƙungiya ɓoye shi ake yi a bayan abokansa. Wanda dai bai taɓa karɓar gaba, shi ke shan tsiya a wurin hutu.