Waiwaye: Yadda Drupal ta daɗe tana fama da raba izinin gudanarwa

Mai shafin intanet yana so ma'aikaciyarsa ta riƙa gyara farashin kaya a wata ƙaramar manhaja da aka rubuta masa musamman, amma ba ya so hannunta ya kai ga sauran saitin shafin. Wannan buƙata ta fi shekara ashirin tana ba masu aiki da Drupal, wata manhajar gina shafukan intanet, ciwon kai.

Drupal ta fito a Janairun 2001 daga hannun Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam. Tsarinta na matsayi da izini ne: a ɗora wa matsayi izini, sannan a ba mutum matsayin. Sai dai akwai asusu mai lamba 1, wato na farko da ake buɗewa lokacin kafa shafin, wanda ba a tambayarsa izini ko kaɗan. Masu gina shafi da ke gaggawa sukan miƙa wa mai shafi wannan asusun su kama gabansu, shi kuma ya raba kalmar sirrin ga duk ma'aikatansa.

Har zuwa Drupal 6 ta 2008, mai rubuta ƙarin manhaja yana bayyana izinin manhajarsa ne ta wani sashe na rubutunta da ake kira hook_perm, wanda jerin sunaye ne kawai babu bayani. Mai gudanarwa sai dai ya yi ta canki-canka. Drupal 7, a Janairun 2011, ta sauya shi zuwa hook_permission, inda kowane izini ya samu take da bayani, masu haɗari kuma aka liƙa musu gargaɗi cewa amintattu kaɗai za a ba. Drupal 8 ta Nuwamban 2015 ta mayar da wannan aiki cikin fayil mai ƙarewa da permissions.yml.

To ina gizo ke saƙar? A ganina, lalacin masu rubuta manhaja ne. Maimakon mutum ya ƙirƙiri izini na manhajarsa, aikin da bai wuce layi uku ko huɗu ba, sai ya rataye shafin saitinsa a kan "administer site configuration", wato izinin sarrafa saitin shafin duka. Ranar da aka ba ma'aikaciyar nan wannan izini don ta gyara farashi, an ba ta ikon sauya sunan shafin gaba ɗaya, har ma ta rufe shi da sunan ana gyara. Kamar wanda aka aika ɗauko gero ne aka damƙa masa makullan gidan duka. Wani abin takaicin kuma, ko an yi izinin daidai, in aka manta da "access administration pages", wato izinin shiga shafukan gudanarwa, za ta rasa hanyar da za ta bi ta kai ga shafin, daga nan sai a ce tsarin ne bai yi ba, a mayar da ita cikakkiyar mai gudanarwa.

WordPress, wata manhajar gina shafuka irin Drupal, ita ma ta bi wannan hanya. Da matakan lamba 0 zuwa 10 ta fara, kafin fitowa ta 2.0 a Disamban 2005 ta kawo matsayi biyar. Can ma izinin sarrafa saiti, wato "manage_options", shi ne masu rubuta ƙarin manhaja suka mayar abin rataye komai.

Shi kuwa asusu mai lamba 1, sai a Drupal 10.3 ta Yunin 2024 aka samu saitin da zai cire masa wannan fifiko, ya koma neman izini kamar kowa. Drupal 7 ta daina samun tallafi ranar 5 ga Janairun 2025, don haka masu ƙaura zuwa sababbin fitowa dole su sake rubuta izinin kowace manhajarsu a sabon fayil.