Masu sayen naman charcuterie a kanti, a duba kafin a ci

Jama'a salamu alaikum. Wannan kira ne musamman ga ƴan uwanmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram masu shiga manyan kantuna, inda zaka ga wani sashe na firij an rubuta charcuterie, nama ne yankakke siriri a leda, ja-ja gwanin sha'awa, yara na so a sa masu a burodi.

Kalmar ta Faransanci ce, an haɗo ta daga chair, wato tsokar nama, da cuit, dafaffe. Tun 1475 masu wannan sana'a suke da ƙungiyarsu a birnin Paris, aikinsu sarrafa naman alade da dafuwa da gishiri don kar ya lalace, zamanin ba firij. Har gobe a Faransa yawancin charcuterie alade ne, jambon, saucisson, lardons duk da shi aka san su. To Musulmi sai ya karanta kwali, in ka ga porc, wato alade, ka ajiye. Boeuf naman shanu ne, dinde talotalo, volaille kaji. Amma a karanta har ƙasa, don wani tsiran na shanu ne a ciki, fatar da aka ɗura shi kuma hanjin alade ce.

Abinda yafi damuna a matsayin ma'aikacin lafiya shine sunan yace dafaffe, alhali irin su saucisson sec, naman da ake ɗurawa a hanji, ba'a dafa su sam, gishiri da sinadarin nitrite ake sawa a busar. Ko dafaffen ma akwai ƙwayar cuta listeria da take iya hayayyafa cikin sanyin firij, balle a garuruwanmu da ake yawan ɗauke wuta nama ya yi ɗumi ya sake sanyi. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kashe sama da mutum 200 ta hanyar wani dafaffen nama irin wannan da ake kira polony, da yawansu jarirai. Mace mai ciki ta haƙura da shi, ko ta dafa shi sosai har ya yi turiri, saboda yana iya jawo ɓari. Haka tsofaffi da masu fama da doguwar jinya.

Sannan a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan dake jawo kansar hanji, cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Busasshen nama mai gishiri ma yana cikin lissafin, kenan kilishinmu bai tsira ba, ba cewa nayi a daina ba, kar dai ya zama na kullum. Mai hawan jini kuwa ya sani gishirin da aka yarda ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya.

In ledar ta kumbura, ko naman yana yauƙi, ko ranar dake gaban à consommer jusqu'au, wato ranar ƙarshe ta cinsa, ta wuce, a zubar kawai.